Dambun Wusasa a Gonar Inabi

Mun tashi da asuba daga unguwar Ainu Shams a Alƙahira, ni da direban gidan da nake wa girki da wata ƙawata 'yar Sudan da ke mana tafinta. Maigidan ma'aikacin jakadanci ne, Kirista kamar ni, kuma yana da manyan baƙi ranar Asabar. Uwargida ta so a yi abincin Turawa, wai yajinmu yana kashe ɗanɗanon ruwan inabi. Na roƙe ta ta ba ni kwana ɗaya. Idan ban samo ruwan inabin da zai zauna da abincinmu ba, in dafa abin da ta ce.

Mun bi hanyar hamada mai zuwa Iskandariyya. Titi lafiyayye, amma masu ƙananan motocin bas suna gudu kamar an biyo su. A wata rumfa muka karya da wake da burodi mai zafi, da araha har na ji kunyar abin da ake karɓa a unguwarmu. Can sai rairayi ya ƙare, kore ya fara, layin inabi har iyakar gani.

Wani dattijo Kibɗawi mai kula da gangunan ruwan inabi na wata gona ya tarbe mu. Direba ya ce shi dai a ba shi shayi, ya koma gindin bishiya da carbinsa. Dattijon ya kawo cuku da zaitun, ni kuwa na kwance ƙunshina: kilishi da dambun naman da na kwana biyu ina yi irin na mahaifiyata a Wusasa. Ya shinshina, ya yi atishawa, ya dubi ƙawata.

Jan ruwan inabin da suke alfahari da shi ya fara zuba mini. Na haɗa da kilishi, bakina ya kama wuta, harshe ya yi ɗaci. Na biyu ma haka. Na fara tunanin yadda zan shiga gida.

Na tambaye shi ko babu wani mai laushi. Ya shiga ciki ya ɗauko wata kwalba marar takarda. Ya ce kaɗan suke yi, 'yan kasuwa ba sa nemansa domin ba shi da suna. Ƙamshinsa kamar dabino da busasshiyar tsamiya. Na kurɓa, na ɗebi dambu. Yajin ya kwanta, zaƙin albasa ya fito, citta ta biyo baya a hankali. Na tura masa kwanon.

Ya ci, ya kurɓa. Sannan ya ja kujera ya zauna.

"Ya binti," in ji shi, wato 'yata da Larabci, "tun ina saurayi nake neman abin da zai aure wannan."

"Ammu, ai ga shi an ɗaura," na ce, ina kiransa baffa da harshensu.

Bai bar ko ƙwaya a kwanon ba.

Da la'asar muka shigo cunkoson Alƙahira, kwalabe a naɗe cikin zanena. Uwargida na ƙofar kicin tana jira. Ban yi bayani ba, na zuba mata kaɗan na miƙa sauran dambun da na ɓoye a ƙunshina. Ta gama, ta ce in aika a sayo nama da yawa.

Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, abincinmu ba ya buƙatar a rage masa yaji kafin ya hau teburin manya. Abokin zama kawai za a nemo masa, ko da sai an ƙetare hamada.