Malam Kabo da Ajin da Ya Haddace Tsarin Mulki

Kullum da safe Malam Kabo yakan taso daga garin Ƙofa a kan babur ɗinsa, ya nufi wata sakandare a Kankia, da kundin tsarin mulkin ƙasa ɗaure a leda saboda ruwa. Littafi ne da manya ke rantsuwa za su kare, amma ba su cika damunsa da buɗewa ba. Shi ya buɗe nasa har bango ya fita. A wannan watan ya yi ritaya daga koyar da darasin haƙƙin ɗan ƙasa.

Tsarin koyarwarsa na gida ne. Ya lura yaranmu ba sa manta abin da suka rera, sai ya sa musu babi na huɗu, babin haƙƙoƙi, a kan karin hadda irin na makarantar allo: haƙƙin rayuwa, haƙƙin mutunci, haƙƙin walwala, haka har ƙarshe, suna yi suna rangaji. Illar hadda ɗaya ce: ba ta yarda a shige ta ta tsakiya.

A jarrabawar fita ta bara, tambaya ta faɗo a kan haƙƙin da ke can tsakiyar babin. Sumayya, 'yar wani manomi daga Fakuwa mai burin karatun aikin jinya, ta nemi amsa ta rasa, sai ta koma farko tana jawowa a hankali. Na kusa da ita ya ji, bakinsa ya kama. Nan da nan zauren ya ɗauki guna-guni, kowa na rangaji.

Jami'ar da aka turo sa ido, Hajiya Iyatu, ta ga abin da kowane mai ido zai gani: satar amsa ta aji guda. Ta sa aka kwashe takardu, ta ce za ta rubuta rahoto. Irin wannan rahoto na iya soke sakamakon kowa, kuma mahaifin Sumayya ya riga ya faɗa cewa sau ɗaya zai bari a gwada.

Malam Kabo yana waje, don doka ta hana shi shiga. Masinjan makarantar ya ce daga bakin ƙofa Malam ya yi sallama.

“Hajiya, ba roƙo na zo ba. Babin da ake tambaya a kansa a takardar jarrabawar da kika raba ya ce ba a hukunta mutum sai an ji ta bakinsa.”

“Malam, ni ma na ji ta bakinsu. Duk unguwar nan ta ji.”

“To ki ware su ɗaya-ɗaya. Wanda ya iya ba ki amsa bai faro daga farko ba, ki rubuta sunana a saman rahoton.”

Ta ware Sumayya a baranda, ta tambaye ta. Yarinya ta runtse ido, ta fara daga haƙƙin rayuwa. Aka kira wani daga can bayan zaure, shi ma haka. Na gaba ma haka.

“Wanga abu mi kuka mayar da shi, Malam? Saura ku yi masa walimar sauka.”

Ta mayar da takardun, da sharaɗin kowa ya yi haddarsa a ciki. An ce Sumayya da gefen hijabi a baki ta ƙarasa.

Muka yi watanni muna jira, domin ba wanda ya san me ta rubuta. Da sakamako ya fito ba a riƙe na kowa ba. Sumayya na makarantar jinya yanzu. Na daɗe ina jin labarin tsarin mulki a rediyo. Wannan ne karon farko da na san mutanen da ya yi wa aiki, kuma ba a sa lauya ba.

Malam, kai ne ka koyar da abin da da yawanmu muka ɗauka ado ne na takarda, kuma ranar da ta ɓaci ka nemi a yi aiki da shi, ba ka nemi alfarma ba. Gwanin babi na huɗu, mun gode. Allah Ya sa hutun da albarka.

Malaman da suka rage, ku koyar kamar yadda ya koyar, ku tsaya wa ɗalibanku kamar yadda ya tsaya. Sai dai don Allah ku nuna musu yadda ake farawa daga tsakiya. Ba kowace jami'ar sa ido ke tsayawa ta saurara ba.