Karen da Ba a Raba a Gado Ba

Da mahaifinmu ya rasu a rugarmu da ke bayan Sunkani, malamai suka zo suka raba abin da ya bari. An raba shanu, an raba tumaki, har tsohon kekensa sai da aka yi masa ƙima. Karen kiwonsa ne kaɗai ba a ambata ba. Malamin da ya jagoranci rabon ya ce kare ba dukiya ba ne, ba a sayar da shi, ba a gadonsa. Ƙannena suka kora kasonsu zuwa wani mashayi mai nisa. Ni kuwa ma'aikaci ne a Jalingo, sai na sayar da nawa. Da mahaifiyarmu, wadda muke kira Dada, ta gama takaba, na ɗauko ta zuwa gidana a unguwar Majidaɗi.

Kwana uku da zuwanta muka buɗe ƙofa da safe, muka tarar da karen kwance a gindin katanga. Ja ne, tsoho, kunnensa ɗaya a yage. Yadda aka yi ya gano gidan, har yau ban sani ba.

Dada ba ta taɓa shafa shi ba, ba ta kuma bari ya tsallako zaure ba, domin a ganinta gidan da ake salla ba wurin kare ba ne. Amma kullum da hantsi takan fita da fasasshiyar ƙwarya, ta zuba masa ragowar tuwo da ɗan tsala, ta tsaya nesa har ya cinye. In aka tambaye ta, sai ta ce na shanu ne. Maƙwabcinmu, wani malamin makaranta ɗan ƙabilar Tibi da ya yi ritaya, yakan tsokane ta da Hausarsa ta Jalingo, wai Mama, kare naka ya fi ni cin daɗi, ka ba ni shi mana. Ita kuma ta ce su da suka cinye wa Fulani shanu tun zamanin kakanni, yanzu kuma kare suke hange? Wasa ne da ke tsakaninmu da su, kuma shi ne kusan abu ɗaya da ke sa ta dariya a shekarar nan.

Da damina ta faɗi, wani kare ya ciji yaro a Yelwa. Bayan makonni yaron ya rasu da ciwon haukan kare. Gari ya ruɗe. Samari suka fara bin karnuka da sanduna da duwatsu, wasu na zuba guba a bola, har awakin mutane suka riƙa mutuwa. Maganar ta kai kotun majistare, kotu ta yanke hukuncin da ni kaina na yaba da shi a ofis. Ta hana duka da guba. Ta ce ma'aikatan dabbobi su kama duk karen da ke yawo, su tsare shi mako guda. Mai shi ya zo gaban kotu ya amsa cewa nasa ne, a yi masa rigakafi, ya nuna inda zai killace shi. Wanda ba a nema ba, likita ya kashe shi da allura.

Ranar wata Litinin aka kama namu. Ina dawowa daga aiki maƙwabcin ya tare ni a ƙofa, ya ce yana da fili a bayan gidansa, zai killace shi a can, abin da ya rage kawai wani daga gidanmu ya je ya amsa. Na ce masa gobe.

Goben ba ta zo da wuri ba, kuma ba aiki ne ya hana ni ba. A sahun gaba nake salla a masallacin unguwa, wani lokaci ma ni nake jan salla in liman ba ya nan. Na yi ta tunanin yadda zan tsaya a bainar jama'a in ce wannan kare nawa ne, a rubuta sunana kusa da shi. Talata ta wuce, Laraba ta wuce, Alhamis ma haka. Dada ba ta ce mini komai ba. Ni ɗanta na fari ne, ko sunana ba ta kira, balle ta roƙe ni. Sai dai na lura ta daina cinye abincinta, tana ture rabi gefe kamar yadda ta saba.

Ranar Juma'a da sassafe na fito na same ta a zaure, ta yafa mayafi, ta sa takalmi. Ta ce in nuna mata hanyar kotun kawai, za ta iya zuwa ita kaɗai. Na ɗauko mota.

Majistaren mace ce, mai magana a hankali. Da aka kira batunmu ta tambayi Dada ko karen nata ne. Dada ta fi sakewa da Fulatanci, don haka ni na yi tafinta.

"A faɗa mata ba nawa ba ne," in ji Dada. "Ba a raba shi ba. Shekara tara yana bin shanun mijina. Ban zo in yi ƙarya ba, na zo ne in ce yana da mutane."

Na fassara yadda ta faɗa. Majistare ta ce kotu ba za ta iya damƙa dabba ga mutane ba, sai ga mutum ɗaya. Ta dube ni.

"To kai fa, malam?"

Na ce nawa ne. Kalma biyu ce, ban ji ƙasa ta tsage ba, babu ma wanda ya ɗago kai a ɗakin. Akawu ya rubuta, aka aika a kira likitan dabbobi ya kawo takardar saki.

Likitan ya zo da wata takarda dabam. Ya bayyana cewa ranar Laraba da yamma an kawo wani kare da ba a ga alamar ciwo a jikinsa ba sai washegari, kafin a ware shi kuma ya ciji uku a cikin kejin. Jan tsohon mai yagaggen kunne na cikinsu, a wuya aka cije shi, kuma ba a taɓa yi masa rigakafi ba. Ya ce ba zai sa hannu a mayar da shi unguwar da yara ke wasa ba. Majistare ta tambaye shi ko akwai wata hanya, ta sake tambaya. Ya ce da an zo Talata, ko Laraba da safe, da tuni yana gida.

Wannan jimlar ta ƙarshe ban fassara ta ba. Sauran na faɗa wa Dada. Ta ce a gaya wa alƙaliya ta yi daidai da ta ƙi sakinsa, yaron Yelwa ma yana da uwa. Ta roƙi abu ɗaya, a bar ta ta gan shi.

Wurin yana bayan ofishin dabbobi, keji ne na waya a ƙarƙashin bishiyar mangwaro. An ware shi shi kaɗai, yana kwance, bai ɗago ba da muka iso. Dada ta tsaya nesa kamar kullum, ta yi irin kiran da mahaifinmu ke yi in zai kora shanu gida da yamma. Ban taɓa jin ta yi shi ba. Karen ya miƙe da ƙyar, ya juya yana duban bayansa, yana neman garken da zai tattaro. Muka tafi kafin likita ya shigo da allurarsa.

A mota, mun kusa gida, ta tambaye ni ba tare da ta dube ni ba, me likitan ya faɗa a ƙarshe wanda na haɗiye. Ashe ta ji Talata da Laraba, sunayen ranaku ba sa buƙatar tafinta. Na faɗa mata duka, har da dalilina.

Ta ce, "To."

Ba ta sake tayar da maganar ba. Bayan mako biyu ta ce tana so ta je Sunkani ta duba ƙaninta, in kai ta tasha, ba sai na wahala da mota ba. Nakan je gaishe ta duk ƙarshen wata. Tana karɓata da fara'a, ta dama mini fura, ta tambayi yara da maƙwabcinmu. In na ce yaushe za ta dawo, sai ta ce sai an ga yadda damina ta yi.