Ranar da Mai Kunne Ya Sauko Daga Gado

Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana gyaran mota, kuma duk unguwar Mai Kunne ake ce masa. In aka kawo mota garejinsa ba ya taɓa ta sai ya saurare ta tukuna. Zai ce a tayar, ya ɗora bakin dogon sukundireba a jikin injin, ya kara ƙotar a kunne, ya lumshe ido. Can sai ya ce, "Famfon ruwa ne." A kwance a duba, shi ɗin ne.

Aibinsa ɗaya, bai bar kowa a gidansa ya koyi komai ba. Ko taya ce ta yi faci, sai ya ce, "Matsa, kar ka ɓata min aiki." Haka 'ya'yansa suka girma, suka yi karatu, suka sayi motoci, ba mai iya nuna inda ake zuba ruwa. Babbar 'yarsa kuma ta ƙara da auren malamin tarihi, mutumin kirki wanda ya san shekarar da aka ƙera mota ta farko a duniya amma bai taɓa leƙa cikin tasa ba.

Sai ga ciwo. Wata safiya ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, baki ya karkace, magana ta yi nauyi. Likita bai ɓoye masa ba: ƙafar ba ta mutu ba, amma in bai fara taka ta cikin 'yan makonnin nan ba, za ta sandare, shi da tafiya kuma sai a mafarki. Aka ba shi sanda mai ƙafa huɗu. Mai Kunne ya kalle ta sau ɗaya ya juya wa bango fuska. Shi da ya saba ɗaga inji tare da mutum biyu, a gan shi yana jan ƙafa? Sandar ta koma wurin rataye tawul.

Matarsa ba ta iya lallashi ba. "Ni dai na gaya maka," in ji ta, "bayana ya goya 'ya'ya shida, ba zai goya ubansu ba."

Ran Asabar 'yar da mijinta suka zo dubiya. Suka zauna bakin gado suna magana ƙasa-ƙasa, suna "sannu Baba" har ya ji kamar ya riga ya mutu ba a gaya masa ba. Ya yi barcin ƙarya.

Lahadi da yamma suka yi sallama. Motar tana tsakar gida, daidai inda yake hangowa ta gilashin taga. Surukin ya murɗa makulli. Kat-kat-kat.

Kan batir ne ya saki. Tun daga kan gado ya ji. Aikin minti biyu. Ya ja bargo ya ce a ransa ba ruwansa.

"Turi take so!" in ji surukin. Mota ce mai canja giya da kanta, wadda ko unguwa guda ta taru ba ta tashi da turi. Amma uwa da 'ya suka ɗaure zane suka kama. Suka kai ta bakin ƙofa, suka zagaya suka turo ta baya, surukin na ciki riƙe da sitiyari kamar mai tuƙin jirgi. Takalmin tsohuwar ya fita, ta zauna daɓas, dariya ta hana ta tashi.

"Mama, ke fa kika ce da ƙarfinki!"

"Mijinki ne nauyin, ba motar ba. Karatu ya yi masa yawa a ka."

Surukin ya fito yana share gumi, alhali ba shi ya yi turin ba. "Na gano! Zafi ta ɗauka. Ƙishirwa take ji."

Motar da tun jiya take ajiye a inuwa. Mai Kunne ya cije bargo.

Neman abin buɗe murfin injin ya ci minti goma. Da farko but ɗin baya ya buɗe, sannan murfin tankin mai. Da aka dace, surukin ya kawo bokiti cike da ruwa, ya ƙare wa injin kallo, ya zaɓi murfin da ya fi kyau a ido ya murɗe. Wurin zuba baƙin mai.

"Kai!" in ji Mai Kunne. Abin da ya fito gurnani ne kawai. Taga a rufe, su kuma suna ta ƙyaƙyata dariya. In ruwan nan ya shiga, injin ya tashi aiki.

Ya fizge tawul ya yar, ya jawo sandar. Ƙafar hagu kamar buhun yashi. Ya ja ta, ta biyo. Ya sake ja. Allah ya sa surukin mutum ne mai tsari, ya ce ba zai zuba ba sai da mazurari, aka shiga kicin ana ta kife tukwane. Mai Kunne ya wuce ƙofar ɗaki, ya wuce falo, ya sauka dakali ɗaya da ya zame masa kamar dutse. Surukin ya ɗaga bokiti kenan sandar ta sauka a jikin bokitin, ruwan ya ƙare a wandon malami.

"Ajiye!"

"Baba!" 'Yar ta yi kansa za ta rungume shi. Uwar ta cafke mata hannu.

"Kar ki taɓa shi, za ki tuna masa ba shi da lafiya."

Ya jingina da motar yana haki. Hannun hagu ba ya riƙo, na dama yana kan sanda. Ya dubi surukin da jiƙaƙƙen wando, ya dubi 'yarsa.

"Ke. Sifana. Lamba goma."

Ta ɗauko daga tsohon akwatinsa. Ya nuna mata kan batir da haɓa. Ta murɗa hagu, ya yi tsaki, ta murɗa dama. Surukin ya shiga ya taɓa makulli, mota ta ɗauka tun kafin ya gama addu'a. 'Yar ta ɗaga sifana sama tana tsalle, tsohuwa na tafi.

Da hayaniya ta lafa, Mai Kunne ya waiwaya ya ga nisan da ke tsakaninsa da ɗaki. Surukin ya ruga ya kawo kujera, ya ce za su ɗauke shi a kai. Tsohuwar ta karɓa, ta gode, ta zauna abinta.

"Ni na yi turi," ta ce. "Shi kuma da ƙafarsa ya fito, ya san hanya."

Ya harare ta da idon da ke iya harara. Sannan ya dafa sanda, ya ja ƙafar, yana gunguni a kan malaman tarihi. Taku ashirin da uku ne, ya yi su duka.