Mai Kiwon Sauro

A sashen nazarin ƙwari na jami'ar da yake aiki, kowa Dakta Sauro yake ce masa, har masu shara. Ɗan tela ne, mutum mai sanyin hali wanda ba ya barin aiki rabi da rabi. Haka ya bi karatu daki-daki har ya kai ga digirin digirgir.

Ɗakin aikinsa yana ƙarshen baranda, mai ɗumi, babu taga. Kejunan raga ne jere a kan kanta, ga farantan ruwa da tsutsotsi ke wutsil-wutsil a ciki. Irin sauron da suke kiwo ba ya shan jini ta na'ura, sai a jikin mutum. Don haka kowace safiya yakan naɗe hannun riga, ya zura damtsensa cikin keji, ya kau da kai har cikin sauron ya yi jawur. In aka yi fashi, zuriyar ta mutu, aikin shekaru ya bi ruwa.

Ranar da ya kammala digirin, Farfesa, shugaban binciken, ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Akwai gurbin bincike na waɗanda suka gama digirgir, yana nan tafe. Naka ne. Ka dai riƙe mana dabbobin nan."

Ya riƙe su, ba albashi, ba muƙami. Wata jami'a mai nisa ta kira shi aiki na wucin gadi, ya ƙi, don ba mai miƙa wa sauron hannu in ya tafi.

"Maigida, kowa na kiwon kaji, mu sauro," in ji matarsa, tana shafa masa mai a kan ƙuraje. "Ko ƙwansu ake sayarwa ban sani ba?"

"Mai haƙuri shi ke dafa dutse."

"Ai dutsen ya nuna tuni. Romon muke jira."

Furfura ta fara fito masa kafin a buɗe gurbin. Ya guge rigarsa mai kyau, ya shiga gaban kwamiti, ya amsa duk abin da aka tambaye shi. Can sai wata dattijuwa, wakiliyar masu ɗaukar nauyin binciken, ta cire tabarau.

"Bayan digirinka, a wace jami'a ka yi aiki?"

"A nan, ranki ya daɗe."

Ta yi masa bayani a hankali: sharaɗinsu shi ne mai neman gurbin ya taɓa aiki a wani wuri, ya ga yadda wasu ke yi. Wata aka ba gurbin, daga jami'ar nan mai nisa ta zo. Aikin da ya ƙi, ita ta karɓa.

Ya tarar da Farfesa a bakin motarsa.

"Wallahi na ɗauka za su yi mana sassauci," in ji Farfesa. "Ka ƙara haƙuri, gurbi na gaba..."

"Sharaɗin zai canza ne, ranka ya daɗe?"

Farfesa ya shiga laluben makulli a aljihu.

Washegari ya nuna wa baƙuwar da aka ɗauka komai, keji bayan keji, ya miƙa mata mabuɗin ɗakin. Ta yi ta godiya, ta kasa haɗa ido da shi.

A bakin ƙofar jami'a maigadi ya ɗaga masa hannu. "Dakta, yau da wuri haka?"

"Da wuri, Baba."

Ya tsaya a tasha. Motar unguwarsu ta zo, ta cika, ta tafi. Wata ma ta zo, bai shiga ba.