Mai Saki a Makarantar Zahir

Malam Yari yana shimfiɗa dardumomin azahar a ɗakin salla na makarantar gwamnati da ke unguwar Zahir a Makka, kamar yadda ya saba shekara ashirin da shida. A takarda mai gadi ne, amma shi ke jan ɗalibai salla tun gemunsa na baƙi. Daga Sakkwato ya zo aikin hajji, Makka ta riƙe shi, ta ci ƙuruciyarsa a bakin ƙofa. Da saki yake salla, hannuwa a gefe, yadda mahaifinsa ya koya masa.

Bana doka ta fito cewa ba mai shiryar da ɗalibai a addini sai ɗan sa-kai mai izini. Aka turo Abdulƙuddus, ɗan maƙwabcinsa, haifaffen unguwar Shisha, mai jin Hausa da ƙyar.

Saurayin ya tsaya a kansa ya ce, "Baba, yara suna kwaikwayonka. Daga yau ni ne liman. Ka kama hannu, ko ka koma sahun baya."

"Kai Abdu, ni na yi maka huɗuba a kunne ranar da aka haife ka."

"Nizami ne, Baba, doka ce. Ina takardarka?"

"Ba ni da takarda. Kai kuma ba ka da kunya."

Aka tada iƙama, Abdulƙuddus ya shige gaba. Malam Yari ya yi tsaki, ya ratsa sahu ɗaya bayan ɗaya, ya fice.