Dirkar Kawu Bukar

Duk wanda ya taɓa shiga gidan Kawu Bukar a Fagge da sassafe ya san abin da zai tarar. Da ya dawo daga masallaci, kafin ya kula kowa, sai ya nufi rumfar ƙofar ɗakin marigayiya matarsa, Ya Falmata, ya dafa dirkar azarar da ke riƙe da kwanon rumfar, ya jingina goshi a jikinta, ya ja numfashi. Mu 'ya'yan ƙannensa mukan ce gaisawa suke yi. Dirkar nan kuwa ta karkace kamar tsohuwa mai ciwon baya, kwanon ya sunkuyo daidai inda yake shimfiɗa tabarma.

Nakan ce masa, "Kawu, wallahi abin nan zai faɗo maka a ka!"

"Ba karkacewa ta yi ba, hutawa take yi. Kai ka taɓa tsayuwar shekara arba'in?"

Ya bar sayar da yadi a Kantin Kwari, amma tef ɗin awonsa bai yi ritaya ba. Duk Juma'a sai ya auna tsakanin kan dirkar da bango. Rannan na leƙa na ga ta ƙara inci biyu. Ya dubi tef, ya dubi bango, ya girgiza kai. "Ka gani ko? Bangon ne ke ja da baya. Maginan yanzu!" Bangon nan fa ya girme ni.

Gindinta ya cinye, ya yi baƙi ƙirin, babu tarkacen da Kawu bai cusa a wurin ba. Wani baƙo ya tashi tafiya ya rasa silifas ƙafa ɗaya, can ya hango shi a matse ƙarƙashin dirka. Kawu ko kunya: "Malam, takalminka yana aikin lada. Ka dawo bayan damina."

Amininsa Oga Emeka, mai walda a Sabon Gari, ya gaji da gani, ya ɗauko bututun ƙarfe kyauta har gida.

"Alhaji, ka ba ni rabin awa kawai."

Kawu ya ba shi shayi, ya ƙwanƙwasa ƙarfen, ya sa masa albarka. Washegari ya kafa shi a tsakar gida ya ɗaure ragon layya. "Ƙarfe mai kyau haka, a ɓata shi a rumfa?"

To, ga inda nawa laifin ya shigo. Damina ta ƙarato, ni kuwa tsoro nake ji kada iska ta kifa masa kwanon. Da ya tafi Maiduguri ta'aziyya, na kira Oga Emeka.

"Ka tambaye shi?" in ji shi.

"Oga, in na tambaye shi ai ba za a yi ba."

Sai ya ɗauko kayan aiki. Muka tokare kwanon da katako, muka zare dirkar, muka kafa ƙarfen, muka zuba siminti. Tsohon itacen na ba mai wainar bakin layi ta hura wuta. Ranar har wani taku nake yi, ni ga wanda ya ceci rai.

Kawu ya dawo. Ya dafa ƙarfen, ya jingina goshi, ya ja numfashi. Ya daɗe a haka.

"Ina take?"

Na fara zuba bayani a kan gara da iska. Ya ɗaga mini hannu.

"Ba gara ce ta ci gindinta ba. Kaskon turaren wutar Falmata ne, a nan take ajiye shi kullum tun tana amarya. An raba kayanta, an yi wa ɗakinta fenti. Itacen nan kaɗai ya riƙe ƙanshinta."

Da gudu na isa bakin layi. Mai waina ta ce, "Ai tun shekaranjiya na faskara shi. Kai, itacen nan da ƙanshi! Har tambayata aka yi ko biki ake a layin."

Na dawo na faɗa masa. Ya yi dariya har da hawaye. "Falmata ke nan! Ko waina sai ta turara." Ya goge ido, ya naɗe tabarmarsa ya kai zaure.

Bai taɓa yi mini faɗa ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Bai kuma sake zama a rumfar ba har ya rasu, kafin wata daminar ta zagayo. Tana nan tsaye ƙyam, babu mai zama. Da na tambaye shi, da mun kafa ƙarfen a gefe mun bar masa abarsa. Aikin rabin awa ne.

Allah ya jiƙan Kawu Bukar, ya yafe masa, ya haɗa shi da Ya Falmata a inuwar da ba ta karkacewa. Ni kuma, Allah ya sa ya yafe mini.