Motar da Ta Kai Auta

Motar Baba ta girmi Auta, kuma duk layinmu a Federal Low-Cost an san haka. Tsohuwa ce mai ruwan toka, tun yana aikin gwamnati ya saye ta. Kowace Asabar zai fito da bokiti da soso da garin sabulun wankin Inna, ya wanke ta da kansa, ya goge da tsohuwar singileti. Ni babban ɗansa bai taɓa yarda na taya shi ba, wai hannuna da nauyi.

Da aka sa ranar auren Auta, dangin ango, 'yan kasuwa ne a unguwar Dawaki, suka aiko cewa za su turo motocin ɗaukar amarya. Baba ya ce an gode, amma amarya a motarsa za ta tafi. Inna ta yi salati. Goggo, ƙanwarsa, ta ce, "Hamma, so kake a yi da mu a gari?" Bai kula su ba. Ni dai na gane abin da ke ransa. A wajenmu uba ba ya raka 'yarsa gidan miji. Nasiha zai yi mata a ɗakinsa, mata su kama hannunta su fita da ita, shi ke nan. Tunda shi ba zai je ba, yana so motarsa ta je.

Ana saura kwana kaɗan, wani abokinsa na majalisa ya ba shi shawara, Allah ya yafe masa. Wai idan yana son taya ta yi baƙi wuluk, ya dama sukari a ruwa ya shafa mata. Kujeru da gaban mota kuwa, ba abin da ya fi man gyaɗa. Baba da ba ya jin shawarar kowa, wannan ya ji ta da kunne biyu. Ya kwashi man Inna ya bi motar lungu-lungu, har yamma tana ta ƙyalli yana zagaya ta yana gyaɗa kai.

Washegari kiyashin unguwa kaf suka zo biki. Sun ja layi daga taya har cikin kujeru, rana kuma ta dafa man, motar sai ƙaurin suya take yi. Goggo ta shiga don ta gani da idonta, ta fito da gudu tana kakkaɓe zani. Inna ta ce magana ta ƙare, 'yarta ba za ta shiga wannan ba. Dariya tana cina, amma da na ga Baba tsaye da singiletinsa a hannu, sai tausayinsa ya kama ni. Na ce, "Baba, mu je Barunde."

A Barunde akwai wani Ibo mai wajen wankin mota, irin wankin da ake bi har ƙarƙashin kujera. Ya daɗe a Gombe har Hausa ta zauna a bakinsa, kowa Oga yake ce masa. Yana buɗe ƙofa ya ja baya.

"Kai, Baba! Mota ce wannan ko kaskon ƙosai?"

Baba ya murtuke. Ni na ba da labarin, har da maganar amarya. Oga ya daina dariya, ya jawo masa benci.

"Mu a coci uba ne ke riƙe hannun yarinya ya miƙa ta," in ji shi. "Ni da kaina na kai tawa."

"Mu kuwa a gida ake barin mu," in ji Baba.

Oga ya naɗe hannun riga. Ya fara da injin zuƙar datti, ya tattare kiyashin da 'yan rakiyarsu. Ya fesa wa kujeru wani ruwa mai cin maiƙo, ya bi da buroshi mai laushi, kumfar tana fitowa ruwan ƙasa, ya share ya sake. Jikin motar ya lulluɓe shi da farar kumfa har ta ɓace. Abin da ya fi burge Baba shi ne tawul. Kowane launi da aikinsa: rawaya na gilashi, shuɗi na jiki, baƙi na taya, ba a haɗa su. Baba ya ce wannan mutumin da Inna za su shirya, ita ma haka take da kwanukanta. Daga nan aka shafa folish da inji mai juyawa, aka bi da kaki, aka murza. Ashe motar nan ba ruwan toka ba ce, ruwan azurfa ce, soso ne ya dusashe ta.

Da aka zo man taya Baba ya karɓi kwalbar ya shinshina.

"Kiyashi ba sa sha?"

"Ko ka roƙe su, Baba."

Turaren mota ne kawai ya ƙi, ya ce mata za su yi mata nasu na wuta. Da za mu tafi Oga ya ba ni tawul rawaya da 'yar kwalbar ruwan goge gilashi, ya ce gudummawarsa ce.

Inna ta zagaya motar, ta shafa kujera da yatsa ta duba, ta ce, "To, ba laifi." A bakin Inna wannan babban yabo ne.

Ranar kai amarya, bayan la'asar aka fito da Auta tana kuka cikin mayafi. Manyan motocin dangin ango suna jere, ta wuce su ta shiga ta Baba, Goggo a gefenta. Ni na ja. Baba ya leƙo ta taga ya ce, "Kada ka yi gudu." Muna tashi Auta ta juya ta dafa gilashin baya da tafinta, tana kallonsa har muka sha kwana.

Da na dawo na same shi zaune a ƙofar gida. Ya tashi ya zagaya motar kamar kullum, yana neman inda na goga ta. A gilashin baya ya tsaya. Shatin hannun Auta ne raɗau, yatsu biyar da maiƙon humra. Na ɗauko tawul ɗin Oga da kwalbar zan fesa.

Baba ya riƙe mini hannu.

"Bar shi," ya ce. "Ba datti ba ne."